Shekarar da Anka Ce In Sare Gawon Hanya

To, ku aje wayoyin nan cikin aljihu, icce ba ya girma da hoto. Shef, ubangidana, ya ce in nuna maku aikin hanya kafin ku sa hannu, tunda kun ce ƙungiya gare ku ta masu son muhalli. Madalla. Ɗazu na ji ɗayanku yana ce ma ɗan'uwansa wai aikin ba wani abu ba ne, rami ne, sai icce, sai ruwa. Kai ne ko, mai jan takalmi? Ba komi, Allah ya ba ka lafiyar gadon baya. Ni Habu sunana, amma tun daga manyan biro, wato ofis, har mai ƙosan bakin ƙofa Baba Jardinye, mai lambu ke nan, suke ce mani. Hanyar nan da kuke bi kullum daga ƙofa zuwa azuzuwa, ta wuce ɗakunan kwana ta gangara wajen gulbi, babu taku guda nata da zufata ba ta ɗiga ba.

Ga kaya nan, ku duba da ido, kar ku taɓa tukuna. Wannan lauje ne, wannan adda. In adda ba ta aske gashin hannunka ba, ba ta isa ta je wurin icce ba, sai ka koma ga dutsen washi. Wancan ƙarfen mai nauyi dagi ne, shi ke huda ƙasa mai tauri, kuma shi ke gaya ma mutum gaskiyar shekarunsa. Ga galma, ga igiya da turaku na ja layi, ga arozuwar biyu na ban ruwa. Biyu ake ɗauka, ɗaya dama ɗaya hagu, don wanda ya riƙa ɗaukar guda ɗaya kafin shekara zai koma tafiya a karkace.

Aikina na farko a sana'ar nan ɓarna na yi. Lokacin ina da mata da ɗiya biyu, ina noman albasa Jiratawa cikin ɗan filin wana, fili ya yi mana kaɗan. Sai anka ce akwai wani tsoho Tibiri, Baba Iliya, Kirista ne, gonarsa cike da itatuwa alhali ta maƙwabta fayau, kuma geronsa ya fi nasu. Na tafi na durƙusa na ce koyo na zo. Ya kai ni gaban wani kututture da ya yi tohon rassa birjik, ya miƙo mani lauje ya ce in gyara. Ni kuwa na gyara yadda ubana ya koya mani, na share shi tas har ƙasa, na tsaya ina jiran yabo. Tsohon nan ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya tambaye ni ko kututturen ya taɓa zagin wani nawa.

Kututture na gaba, hantsi guda ya zaunar da ni gabansa ba ya bari in taɓa. Ya ce saiwar iccen tana nan da ranta cikin ƙasa, ta girme ni, ta san inda ruwa yake, abin da take nema kawai a zaɓa mata. Ka duba rassan, ka bar uku ko huɗu da sunka fi miƙewa da ƙarfi, ka cire saura. Ka sara daga ƙasa zuwa sama, don in ka saro daga sama ɓawon zai ɓare ya bi jiki, ka yi ma icce gyambo. Ka tsige ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsawo, ka ɗaura jan tsumma don mai neman iccen wuta ya san da mai shi. Shi ne abin da ake ce ma sassaben zamani. Shekara uku na yi wurinsa. Lahadi shi yana majami'a, Juma'a ni ina masallaci, itatuwa na samun hutun kwana biyu daga gare mu.

Wurinsa na san gawo, sani na gaske. Ku ɗiyan birni bari in gaya maku, don labarin duk a kansa yake. Gawo icce ne mai taurin kai. Da damina, lokacin da ko dutse ke son ya yi kore, shi sai ya zubar da ganye kaf ya tsaya tsirara, ƙaya da rassa farare, wanda bai sani ba ya rantse ya mutu. In ruwa ya ɗauke, kowane icce ya fara yaushi, sannan shi zai yo ganye ya baza inuwa har ƙarshen bazara. Shi ya sa manomi ke son sa: ba ya tare ma gero rana, ganyensa taki ne, ɗiyan da yake zubarwa, jajayen kwanson nan masu lanƙwasa, su ne abincin dabbobi lokacin da babu ko tsinken ciyawa.

Da anka ware filin nan don makaranta, babu komi cikinsa sai tulin yashi da allo. Zamanin siyasa ne, jam'iyyu sun fi kasuwar Sabon Gari yawan baki. Wannan gwamnati ta zo ta duba fili ta tafi, kafin ta waiwayo an ture ta, wata ta zo ta sake dubawa. Ni anka ɗauka gadi. To, me zan tsare? Yashi ba ya gudu. Akwai wata tsohuwar turba da ta ratsa filin, wadda mutanen ƙauyukan baya ke bi zuwa Maraɗi, mata da ƙoren fura, maza da jakkai da amalanke. Gefenta duk kututturan gawo ne na tsofaffin gonaki. Zaman banza ya ishe ni, na ɗauko lauje. Guda ashirin da bakwai na tayar. Kafin magina su kai ga rufin azuzuwa, gawona sun riga su tsawo.

Sai ga porje ya zo, wato sabon tsarin aiki daga sama, wai a yi koriyar hanya ta masu tafiya ƙasa da masu keke, ba mota ba kabu-kabu, da bencina, ɗalibi ya bi, mutumin ƙauye ya bi. Shef Laminu, shugaban masu aikin gyare-gyare, wanda ya turo ku wurina yau, ya zo da takarda an ja layi ciki miƙe sak, ta tsakiyar fako. Bazara ce. Ban yi gardama ba, na ce mu taka mu gani. Munka bi layin takarda da ƙafa, rigarsa ta manne da baya. Da za mu komo na biyo da shi ta turba, ƙarƙashin gawo. Da munka iso sai ya nemi aron fensir ya sake jan layi.

Zuba burji kuwa, wanda kuke gani kamar Allah ne ya shimfiɗa shi, wata huɗu ya ci. Tsakiyar hanya sai ta fi gefe tudu da kamar faɗin tafi, in ba haka ba ruwan farko zai kwanta ya mai da ita tafki. Ka zuba, ka yayyafa ruwa, ka daɓe, ka sake. Sannan ka zauna da masu hanya. Ɗalibi ya karya reshe don ya nuna ma budurwa ƙarfi. Malami ya kawo mota inuwa ya ce minti biyu. Ɗan kabu-kabu ya kashe inji bakin ƙofa ya turo moto da ƙafa, ya ce ai yanzu keke ne. Sai manyan baƙi, awaki, waɗanda ba su san rajista ba amma ba su taɓa fashin zuwa ba. Cikin masu awakin akwai Inna Hure, wata dattijuwa mai sai da fura daga ƙauyen baya, bakinta ya fi addata kaifi. Ta girme ni, ba ta taɓa ce mani Baba ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rumbuna wayam. Ƙasa kuma ta ɗauki zafi, yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, kowa da rediyo manne da kunne. Dabbobi sunka koma ƙashi da fata. A ranin nan ne gawon hanya sunka zuba ɗiya kamar sun san halin da ake ciki. Mata sunka riƙa zuwa tun da sassafe da kwanduna. Na kafa doka: abin da ya faɗo naku ne, amma ba a dukan reshe da gora, ba a hawa da adda. Inna Hure ta naɗa kanta sarkin doka ba wanda ya zaɓe ta. Na ga ranar da ta kori wani ƙato da ya hau zai sassare rassa, da ludayi kawai. Awakinta huɗu sunka ga damina da ransu, na wasu da yawa ma haka.

To, cikin daminar da ta biyo baya, lokacin bikin dashen itatuwa, ɗalibai duk sun tafi hutu, anka ce wani babba zai zo daga Yamai ya duba porje. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu dai Mushe Mai-Lema munka sa masa, Mushen Faransanci na girmamawa ba na kura ba, don akwai wani na musamman da ke biye da shi riƙe da lema, ko rana ko hadari. Birni anka haife shi, waje ya yi karatu, mutum ne mai tsabta da son aiki, ba na cin naman bayansa. Ya sauko mota, manya sunka rufa masa baya, ga masu ɗaukar hoto. Ko'ina kore shar, ciyawa har ƙugu. Sai koriyar hanya kaɗai, gawo ashirin da bakwai jere reras, babu ganye ko na shayi.

Ya ja ya tsaya. Ya tambaya wa ke kula da nan, anka turo ni gaba. Ya ce, cikin Hausarsa mai ƙanshin Faransanci, "Wannan koriyar hanya ce ko maƙabartar itatuwa?"

Jama'a, ku ji ikon Allah. Cikin mutanen da ke tsaye wurin nan babu wanda ba ɗan manomi ba. Wasu a inuwar gawo anka yaye su. Akwai malamin da aikin gona yake koyarwa, da digirinsa da komi. Amma ranar nan babu wanda ya taɓa ganin gawo a duniya. Malamin gona tari ya kama shi. Wani ya shiga gyaran agogo. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji takalmin Shef Laminu bisa babban yatsana, da dukan nauyinsa. Kar ku yi masu dariya da yawa. Lokacin kujerar kowa rawa take, ba ka san wa zai zama ubangidanka gobe ba, kuma wanda ya gyara ma babba magana gaban mai hoto, sai a tura shi aiki inda ko tsuntsu sai da guzuri.

Mushe ya yanke hukunci nan take. A sare matattun itatuwan nan duka, za a aiko da sabbin dashe, shi da kansa zai komo buɗe hanya. In ya iske mataccen icce ko guda, jardinye ya nemi wani aiki. Lokacin ɗiyana bakwai, ga shekarar yunwa ba ta gama fita gida ba, kuma ni ba ma'aikacin dindindin ba ne, da baki ake sallamata. Gaskiya na ji tsoro, tsoron da ya hana ni cin tuwo.

Kashegari Shef ya kira ni biro ya rufe ƙofa. Kafin in zauna ya ce ya sani, ubansa na da gawo goma a gona, kar in fara. Amma umarni umarni ne. Na ce to, sai dai gawo ba a sare shi sai da takardar gandun daji. Na tafi can. Ma'aikacin ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in na kuskura na taɓa lafiyayyen gawo shi da kansa zai kai ni gidan kaso. Gaba kura, baya siyaki. Gwamnati ɗaya, hannun dama ya ce sare, na hagu ya ce in ka isa. Shef ya ce a nemo masu gatari daga waje, su ba ruwansu. Na ɗauko ƙarti uku daga Jiratawa. Sunka zo sunka ɗaga kai sunka duba, babbansu ya ce shi bai taɓa sa ma gawo gatari ba, ba kuma zai fara da na gwamnati ba. Sunka sha furar Inna Hure sunka koma.

Ashe nan labari ya fita. Da ranar kawo dashe ta matso, na ce to, ni na tayar da su, ni zan kayar. Na wasa gatari na fito da safe. Ina isowa na iske mata zaune gindin itatuwan, wannan na ɓarar gyaɗa, waccan na tsifar kai, wata ta kawo har turmi. Inna Hure na gindin na farko, ta miƙe ƙafa. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Habu, in sara ka zo, fara da ni. Na fi shi taushi, ba zan ba ka wahala ba."

Na jingine gatari. Wallahi daɗi na ji, daɗin da ban ji irinsa ba tun haihuwar ɗana na fari, ko da yake na san tuwon gidana na jingine tare da shi.

Bayan kwana kaɗan kamyo, babbar motar kaya, ya kawo dashe cikin baƙaƙen leda, wasu itatuwan ado masu laushin ganye, irin na gidajen manya. Munka dasa su tsakanin gawo, munka kewaye da ƙaya. Mai hoto ya zo, Shef ya sa shi ya durƙusa ya ɗauka daga iya gwiwa zuwa ƙasa. Sannan ya kira ni gaban sakatare ya tambaye ni da ƙarfi, an dasa? Na ce an dasa. Ya tsaya yana kallona, ina kallonsa. Tambaya ta biyu, ko an sare, bai yi ta ba har yau. Ya rubuta an gama aiki, ya buga hatimi. Da munka fito ya ce mani a hankali, in abin ya fashe, shi bai san ni ba.

Dashen kuwa na yi masu iyakar ƙoƙarina, kar ku ce mugunta na yi. Amma ruwan famfo ya yi ƙaranci, kuma awaki sunka gano ganyen ya fi na gida daɗi. Kafin sanyi ya shigo ko kara bai rage ba. Inna Hure ta rantse nata ba sa ciki, alhali na ga guda da ledar a baki. Shi ke nan, babu sabbi, tsofaffi na nan tsaye, kuma sun fara fid da ganye. Wata takwas ina kwana da abin ina tashi da shi. Anka yi zaɓe, gwamnati ta canza, na ce Alhamdu lillahi wataƙila an ɗauke Mushe. Ina! Irin mutanen nan ne da kowace gwamnati ta zo nan take iske su.

Ranar buɗe hanya ta faɗo tsakiyar bazara, zafin da ƙadangare ke gudu da ƙafa uku. An kafa rumfa bakin ƙofa, guguwa ta zo ta naɗe ta tun kafin baƙi su zauna. Dole anka kwashe kujeru zuwa ƙarƙashin gawo. Ɗalibai, malamai, mutanen ƙauye, masu kalangu, kowa ya samu inuwa har da saura. Mai riƙon lema ya naɗe lemarsa ya rasa abin yi da hannuwansa. Ni ina can baya, na riga na gaya ma maiɗakina ta fara tunanin komawa Jiratawa.

Mushe ya karɓi lasifika. Ya ce da ya zo bara, matattun itatuwa ya iske nan. Ya ba da umarni, kuma ga shi cikin wata takwas kacal dashen da ya aiko sun zama daji, wannan shi ne amfanin bin tsari. Tafi ya ɓarke. Malamin gona ya fi kowa tafi, har hularsa ta faɗi. Matan ƙauye sunka cusa baki cikin mayafi, kafaɗunsu na rawa. Anka kira ni gaba, ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce ga abin koyi. Ina cewa na tsira, sai ya ƙara da cewa in samo masa irin wannan icce mai saurin girma kafin ya tafi, zai shuka gidansa Yamai.

Nan fa ake yin ta. Ƙwayar gawo tauri gare ta, in ka shuka ta haka nan sai ta shekara tana kallonka. Wadda ke tsirowa da wuri ita ce wadda ta bi ta cikin akuya ta fito. Na iya yi ma babba shiru, amma ban iya ba mutum irin da na san ba zai fito ba, sana'a ba ta yarda. Na zaga bayan benci inda awakin Inna Hure ke kwana da rana, na cika ƴar leda da kashinsu.

Na iske shi cikin mota, ƙofa buɗe, direba ya je neman ruwa. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Ya buɗe, ya leƙa. Na yi masa bayanin akuya. Ya ɗaga kai ya dubi iccen da motar ke ƙarƙashinsa. Sai ya sunkuya ya tsinci wani jan kwanso da ya faɗo gefen taya, ya riƙa juya shi. Ya ce yana yaro an taɓa kai shi hutu ƙauye wurin kakarsa, ita ce ke aikensa tsinto ma awakinta irin wannan.

"Gawo ne," in ji shi.

Na ce, "Gawo ne, ranka ya daɗe."

"Su ne waɗanda na ce a sare?"

"Su ne."

Ya juya ya dubi taron, manyan da sunka yi masa tafi suna ta shan lemo a inuwa. Ya tambaye ni su nawa sunka sani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, har awaki."

Na ɗauka ƙarshena ya zo. Ya rufe ido da tafin hannu, na ga cikinsa na motsi, ashe dariya ce yake dannewa, har da ƙwalla. Da ta sake shi ya ce, "Baba, kar ka gaya ma kowa." Na ce ni ma abin da zan roƙe shi ke nan. Ya ɗora ledar bisa cinyarsa, bisa farin wandon nan, direba ya zo sunka tafi.

Bayan sati uku takarda ta iso daga Yamai, an mai da ni ma'aikacin dindindin. Shef ya karanta mani dalilin da anka rubuta ciki: saboda himmar da na nuna wajen sare matattun itatuwa ashirin da bakwai. Shi bai gyara ba, ni ban gyara ba, tana nan rataye ɗakina cikin gilashi. Ku ɗaga kai ku gaishe su, ƙarƙashin mamatan kuke zaune.